Ya Faɗi Tun Yana Tsaye

Ƙarfe biyu na dare ya gota a Omdurman lokacin da na doka salati, har ɗan kawuna ya zabura daga kan gadonsa na igiya, irin wanda suke kira angareb, a tsakar gida.

"Yaya, lafiya? Kunama ce?"

"Wace irin kunama! Taso ka gani. Mutumin nan ya faɗi tun yana tsaye!"

Bari in koma baya, don na fara da wutsiya. A ƙarshen 2022 na kai ziyara ga danginmu na Sudan, jikokin alhazan da suka nufi Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka yada zango a bakin Nilu har yau. Ni mai hoton biki ne a Kano, amare da angwaye ne abincina. Ran Juma'a na shirya zuwa Hamad al-Nil in ɗauki darwishan da ke juyi da yamma, inda kowane baƙo ke zuwa a lokacin. Ɗan kawun nawa ya ce, "Yaya, wannan kowa ya ɗauka. Zo mu je Haj Yusuf ka ga maza."

Muka haye gadar Shambat zuwa Bahri, muka nausa gabas cikin raksha, wato Keke Napep ɗinsu. Tun daga nesa nake jin ihu. Kokawar Nuba ce, wadda mutanen duwatsun Kudancin Kordofan suka taho da ita birni, a lokacin suke yi duk Juma'a bayan la'asar har rana ta faɗi. Wanda ya taɓa tsayawa a fagen kokawa a Maraɗi ko Sakkwato ba zai ji baƙunta ba: ga yashi, ga alƙali da usur, ga masu liƙa kuɗi a goshin gwani. Sai dai su suna duƙawa ƙasa sosai, suna dumbuzar yashi su murza a tafi, suna kai wa juna tafi a ka da kafaɗa, kamar zakaru suna auna juna. Minti biyu, uku, ba abin da ya faru. Sai ƙiftawar ido ɗaya, ƙura ta tashi, wani yana ƙasa, wani yana bisa kafaɗun jama'a.

Kaye uku aka yi a gabana, ban samu ko ɗaya ba. Ko dai in danna da wuri, ko in danna bayan an gama. Haushi ya sa na kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, na kashe duk wani abin da take yi da kanta, na ɗaure haske da saitin nisa da hannuna don kada hoto ya bambanta da ɗan'uwansa, na sa ta ɗauki kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, na kunna harbin jere, hoto goma a daƙiƙa. Wani dogo da wani gajere mai ƙirar turmi suka shigo. Da na ga kafaɗar gajeren ta motsa, na danne maɓalli ban ɗaga yatsa ba. Tatatatata! Dogon ya sha ƙasa.

Hotuna goma sha huɗu. Da dare na zuba su cikin Photoshop, na jera su bisa juna kamar tabarmi, ina goge kowace tabarma in bar 'yan kokawar kaɗai, don su fito a fage guda, mataki bayan mataki. Abin da ya fito? Dodo mai hannu ashirin. Dabarar tana son abin da ke ratsa fili, kamar mai tsalle ko mai gudu, su kuwa 'yan kokawa a wuri ɗaya suke murƙushe juna, jiki kan jiki. Na kusa rufe kwamfutar. Sai na ce bari in zubar da fiye da rabi, in ɗauki shida kawai, in matsar da kowanne gefe kaɗan, daga hagu zuwa dama.

A nan ne salatin ya kuɓuce mini.

A fage, idona ya rantse cewa taɗiya ce ta kayar da dogon. Kowa ma haka ya gani. Amma ga shi a hoto na biyu, tun ƙafar gajeren ba ta bar ƙasa ba, diddigen dogon na hagu ya ɗaga, bai fi kaurin yatsa biyu ba. A na uku, ƙugunsa ya wuce kan yatsun ƙafarsa. A na huɗu, idonsa ya bar abokin karawarsa ya koma kan yashi, yana neman inda zai sauka! Taɗiyar da ta sa fili ya ɗauki ihu sai a na biyar ta zo, ta tarar da aikin gama ya gama. Ɗan jan wuyan da gajeren ya yi tun farko, wanda ba wanda ya yi wa guɗa, shi ne kayen. Duka wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba.

Na san ba ni na fara ba, kuma hakan bai rage mini komai ba. A 1878, a Palo Alto ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori goma sha biyu a gefen hanyar sukuwa don attajiri Leland Stanford ya san ko doki na ɗauke ƙafafu huɗu gaba ɗaya. Yana ɗaukewa, amma lokacin da ya tattaro su ƙarƙashin ciki, ba lokacin da ya miƙe su kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa ba. A Faransa kuma, Étienne-Jules Marey ya riƙa tara motsi da yawa a faranti guda tun 1882. Ni jerin Muybridge ne ya cece ni daga dodon da na haɗa. Amma hanyar Marey ta tsaya mini a rai, ita da ta Harold Edgerton na jami'ar MIT, wanda a shekarun 1930 ya yi amfani da fitila mai walƙiya a jere ya kama sandar ɗan wasan golf tana buɗewa kamar mafici. Ba gogewa, ba liƙi, hoto ɗaya tak.

Filashata tana da wannan saitin, shekara biyar ban taɓa shi ba. Sharaɗinsa duhu, shi ya sa ba zai yi a Haj Yusuf da hasken la'asar ba. Kwana biyu bayan nan aka ɗauke wuta a unguwa, unguwa ta yi tsaki, ni kaɗai na yi hamdala. A garin ƙungiyoyin ƙwallon Hilal da Merrikh ba a neman yaro mai ƙwallo, kafin in rufe baki bakwai sun fito. Na bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa ɗaya, na sa filasha ta yi walƙiya takwas a ciki. Na farko ya lalace: ɗan kawuna ya tsaya a baya da farar jallabiya, haske takwas ya taru a kansa, ya fito kamar fatalwa. Duk abin da bai motsa ba ƙonewa yake yi. Muka kore shi, muka juya wa bango baya, muka fuskanci fili. Wani yaro ya ruga ya doka. Ƙwallo takwas a sama, sun yi baka kamar carbi, tazararsu na raguwa yayin da ƙarfin bugun ke mutuwa, ƙurar da ƙafarsa ta tayar tana ƙyalli a ƙasa. Yaran suka yi ta ihu har wata mai shayi ta bar murhunta ta zo leƙe.

Juma'ar da ta biyo na wanke jerin kokawar a takarda na koma da shi. Wannan kafin yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ne, kafin gadar Shambat ɗin da muka bi ta karye a Nuwamban shekarar. Ban sami dogon ba, sai wani dattijo a bakin fage, kunnuwansa duk sun murɗe saboda tsohuwar kokawa. Ɗan kawuna ya yi tafinta. Na zaƙu in nuna masa diddigen, in ga ya riƙe baki.

"Baba, ka ga inda ya faɗi?"

Bai ko kalli hoto na biyu ba. Ya ɗora yatsa a kan na farko, wanda na ɗauka ba komai a cikinsa, daidai inda dogon ya miƙo kansa gaba da gwiwarsa.

"Nan, ɗana," in ji shi. "Kana da wanda ya gabaci wannan?"

Ba ni da shi. A nan na fara dannawa.