Rumbun Karin Magana: Wace Manhaja Za a Ɗauka?

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a Sashen Hausa ya san cewa tattara abu daban ne, adana shi kuma daban. Mu da muke rubuta kundin digiri a kan adabin baka mukan dawo daga hutu da littattafan rubutu cike da karin magana da kirari, ga sunan dattijon da ya faɗa, ga garin da aka ji. To, ina za a zuba su? G. P. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 da kalmomi wajen 39,000, bai kuwa taɓa ganin kwamfuta ba. Mu da take gabanmu sai ga shi muna ta gardama a ɗakin kwana a kan manhajar da ta fi dacewa da gina rumbun bayanai.

Nawa aikin a kan karin magana ne, waɗanda na tattara daga bakin tsofaffi a ƙasar Kano da ta Katsina. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya bayan zaman da na yi da su, watau abin da ke hannuna ba inda za a sake samo shi. Wannan ne ya sa ban ɗauki zaɓen da wasa ba.

Yawancin 'yan ajinmu Excel suke cewa, don kowa ya iya shi, kuma shafi ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576. Amma ai ba wurin zubawa muka rasa ba. Matsalar ita ce karin magana ba ta zama a jadawali guda. Alal misali, wani dattijo ya ce mini kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, wani kuma ya ce ƙasa zai dawo. Karin magana ɗaya ke nan mai siga biyu. Dattijo ɗaya yakan ba ka da yawa, siga ɗaya kuma akan ji ta a garuruwa da dama. In ka zuba duka a jadawali guda, sai ka yi ta maimaita sunan mutum ɗaya a layi bayan layi, ranar da ka rubuta Malam a nan, Mallam a can, kwamfuta ta ɗauka mutum biyu ne. Wannan cutar ce Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da maganinta a 1970: a rubuta kowane bayani sau ɗaya a jadawalinsa, sa'an nan a haɗa jadawalai da lamba. A 1976 kuma Peter Chen ya kawo hanyar zana wannan tsari, inda ake yi wa kowane abu akwati, a ja layi zuwa abin da ya danganta da shi.

Malamin da ke duba aikina bai yarda mu yi zancen manhaja ba sai da na kawo masa irin wannan zane. Na ce, "Malam, da wace manhaja zan zana?" Ya miƙo mini fensir. Akwai masu zanawa, kamar MySQL Workbench da wasu da ba sa aiki sai da intanet, amma akwati huɗu ne kawai: karin magana, siga, mai faɗa, gari. A kan takardar nan ne na lura cewa kalmar Hausa ba za ta iya zama mabuɗin da ake gane layi da shi ba. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, tsawon wasali ne ya raba su, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna shi. Balle kai, wanda yake wakilin suna, yake sashen jiki, yake kuma aikatau. Dole kowane abu ya sami lambarsa.

Da zane ya kammala, sai na shirya wa manhajoji jarrabawa guda, ina kuma shawartar mai karatu da ya yi ta kafin ya ba kowace amana. A rubuta kafa da ƙafa da zomo, a ce ta jera su bisa abacada. Manhajar da ke bin lambobin Unicode kawai za ta jefa ƙafa bayan zomo, domin lambar z 122 ce, ta ƙ kuwa 409. Haka ɓ da ɗ, duk sai su taru a can ƙarshe kamar baƙi a gidan biki. PostgreSQL, tun daga fitowa ta 10 a 2017, yana iya bin jerin Hausa sosai, har ya ware sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu. Sai dai babban rumbu ne da aka yi domin jama'a da yawa su yi aiki a lokaci guda, kafa shi da kula da shi aiki ne, ni kuwa ni kaɗai ne da tsohuwar kwamfutar yayana. Access yana da sauƙin shigar da bayani, amma na kuɗi ne, kuma sai a Windows. Ban so aikin tsofaffin nan ya zauna a ɗakin da sai an biya haya ake buɗe shi ba.

A ƙarshe SQLite na ɗauka, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000. Kyauta ne, ba ya bukatar intanet, rumbun gaba ɗaya fayil guda ne da za ka kwafa ka ba wani, kuma akwai DB Browser for SQLite da ke nuna jadawalai a fili. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin sigogin da ya amince da su wajen adana bayanai na dogon lokaci, wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Shi ma ba ya cin jarrabawar zomo, kuma wajen bincike ba ya ɗaukar Ƙ da ƙ a matsayin harafi ɗaya. Dabarar da na yi ita ce ƙara wani gurbi domin jeri kaɗai, inda ake mayar da kome ƙananan haruffa, ƙ ta zama kzz, ɗ ta zama dzz. Da haka ƙafa take zuwa bayan kyauta, kafin lada. Na san ba ado a ciki, amma tana aiki.

Ba na cewa kowa ya bi ni. Wata 'yar ajinmu da ke tattara kalmomin saƙa ta ɗauki FieldWorks na ƙungiyar SIL, ta kuwa yi daidai, don an gina shi ne domin ƙamus, da gurbin ma'ana da jam'i da misali a shirye. Ni ne akwatunana ba su shiga nasa ba.

Yanzu abin da muke ja da Malam shi ne lamba. Haƙuri maganin zaman duniya, da mahaƙurci mawadaci: shi yana ganin ma'anarsu ta kusa, a haɗa su da wani jadawali na jigo, ni kuwa ina tsoron in aka fara haka sai rabin rumbun ya koma ƙarƙashin haƙuri. Ya ba ni zuwa Litinin in zo da akwati na biyar a zane, ko kuwa da hujjar barinsa.