Ni da Tsohon Babur Ɗina

Shekara 20 ke nan ina hawan babur ɗin nan. Duk Asabar da hantsi nakan tayar da shi in kasa kunne, kamar yadda nake sauraren furucin ɗalibi. Ƙas-ƙas daga kan injin alama ce bawul ya saki. Hayaƙi shuɗi-shuɗi kuwa, ringi ya cinye, injin na shan baƙin mai. Nakan yi juye duk kilomita 1,000, in goge filogi da kaina.

Sau ɗaya na yi sakaci da juyen, injin ya buga a hanyar ƙauyen da zan duba masu gwajin koyarwa. Ban isa ba sai bayan azahar, an tashi. Ɗalibar da ta kwana shirya darasi ta koma gida babu maki.