Kwaɗon Afirka a Birnin Kiyoto

Ranar da Allah ya nufe ni da barin Tokiyo, bayan na sallaci asuba a masaukina, sai na shiga jirgin ƙasan nan nasu mai gudun walƙiya, wanda cikin sa'a biyu da 'yan mintoci ya sauke ni a Kiyoto, tsohuwar alkaryar sarakunan Japan, inda wani ɗalibin jami'ar garin yake dakona. Muka bi gaɓar kogin Kamo da ƙafa, yana ba ni tarihin abin da ya kawo ni, wato neurotensin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa da hanji, wanda Robert Carraway da Susan Leeman suka tace daga ƙwaƙwalwar shanu a Amurka a shekarar 1973. Siffarsa kamar ta carbi ce mai 'ya'ya 13, amma shidan ƙarshe su ne ke isar da saƙon.

Sanin manzo daban, sanin ƙofar da yake ƙwanƙwasawa daban. Shekara 17 malaman wannan fanni suna da yaƙini cewa ƙofar tana nan, ba su da hujjar yadda aka gina ta, har sai a 1990 da Shigetada Nakanishi da almajiransa suka fito da ita daga ƙwaƙwalwar ɓera a wannan jami'a: 'ya'yan carbi 424, waɗanda suke ratsa fatar ƙwayar halitta sau bakwai, kamar yadda maɗinki ke shiga da fita da zare a wuyan riga.

Abin da ya fi ba ni al'ajabi kuwa shi ne shaidan da aka kafa. Da muka shiga ɗakin bincike, ya kai ni gaban wani kwamin ruwa, na leƙa, sai ga kwaɗo shimfiɗe kamar an take shi, da baƙaƙen farata a ƙafafun baya.

"Malam, wannan ɗan nahiyarku ne," in ji shi.

Ƙwansa bai fi ƙwayar gero ba, rabi duhu rabi haske. Cikinsa ake tsira siririyar allura a zuba umarnin gado, shi kuwa, ba tare da ya san na wane ne ba, sai ya gina ƙofar a jikinsa. Idan an ɗiga masa neurotensin, ma'aunin lantarki ya motsa. Na nemi a bar ni in gwada tsira allurar, hannuna ya yi rawa, na fasa ƙwai biyu, ɗalibin ya sunkuyar da kai don ladabi, ya miƙo mini na uku.