Gidan Na Nan, Mai Tuyar Ta Tashi

Na yi shekaru ina wani karambani. Duk wanda ya ce mini zai kai iyalinsa hutu Yankari, kafin ya rufe baki na tsara masa inda zai karya kumallo a Bauchi. Wani gidan abinci ne a cikin gari, ba zan faɗi sunansa ba, wanda masarsa ta kama ni tun zuwana na farko. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki tafiyar sama da kilomita 100 ce, ta hanyar Dindima, don haka matafiyi na son abin da zai riƙe masa ciki. Ni kuwa har rantsuwa nake yi a kan wannan masa, in ba da kwatance, in ce a gaishe mini da maigidan.

Abin kunyar shi ne, duk zuwan da na yi ban taɓa tambayar wa ke tuyar ba. Maigida nake yaba wa, shi da ke zaune bakin teburin kuɗi. Nakan hango wata dattijuwa can baya cikin hayaƙi, zaune a gaban tanda, iyakar sanina da ita ke nan.

A wani hutun ƙarshen shekara yayan matata ya taho da iyalinsa daga Kano, na ce lallai sai mun biya. Matarsa ta soyo kaji, yara kuma sun ƙosa su ga giwa su faɗa ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ba ya gusawa daga wajen digiri 31 ko da hunturu. Na hana kowa taɓa guzuri. Da muka isa na ga bencinan da aka saba cikawa duk wayam, sai motoci masu lambar Abuja da Kano a ƙofa. Maimakon in tsargu, sai na ce mun yi sa'a yau babu layi.

Aka kawo masa, bayanta ya ƙone, cikinta cuɗe, ga warin yis. Miyar taushen tsululu, ba a jin kabewa balle daddawa, sai ɗanɗanon dunƙule. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sauke ta, sai na sa aka kira mai tuyar. Yarinya ce ta fito, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, na dinga yi mata faɗa a gaban mutane. Ba ta ce komai ba sai "Yi haƙuri, Alhaji." Yaya ya dafa ni ya ce, "Bari haka nan. Ai ba ita ta gayyato mu ba."

Mai goge mana gilashin mota ne ya ba ni labari. Inna, kamar yadda yake kiran dattijuwar nan, ta bar gidan tun bayan Babbar Sallah, bayan sun saɓa da maigida kan ƙarin kuɗi. 'Yan mata biyu da ta horar sun bi ta, mai kawo man gyaɗa ma ta bi ta, don da ma dominta take ɗaga ƙafa a kan bashi. Yarinyar da na ci wa mutunci mai wanke-wanke ce aka ɗora a kan tanda rana tsaka.

Wanda bai san masa ba zai ɗauka aiki ne na awo: a jiƙa shinkafar tuwo, a kai markaɗe, a haɗa da ɗan dafaffiyar shinkafa da yis, a rufe ƙullu ya tashi. Haka ne, amma ƙullu na tafiya da yanayi. Da bazara yana saurin tashi, in an yi sakaci ya yi tsami, sai an karya shi da ruwan kanwa daidai gwargwado, in ta yi yawa kuma ta ɓata launi da ɗanɗano. Da hunturu sai ya yi nauyi, dole a kwaɓa da wuri a ajiye shi wuri mai ɗumi. Wanda bai ƙware ba, in ya ga ƙullu ya ƙi tashi a watan Disamba, yis zai ƙara, ya kuma ƙara wuta don ya sallami masu jira. Abin da aka zuba mana ke nan. Babu ɗaya daga cikin wannan da aka taɓa rubutawa a gidan. Yana hannun Inna ne da hancinta, har da sanin wace shinkafa za ta saya da wadda za ta mayar wa mai ita.

Gidan abincin da ke unguwa ba ya iya ɓoye irin wannan rashi. Kafin mako ya zagayo masu ci kullum sun gane, sun sauya wuri. Amma wanda cinikinsa ya dogara da baƙi masu hutu yana da dogon numfashi, domin baƙo sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ya ci bai ji daɗi ba ya wuce ke nan, wani sabo ya maye gurbinsa. Sunan gidan sai ya ci gaba da yawo bayan abin da ya gina sunan ya tafi. Masu yawo da shi kuwa irina ne, masu ba da shaida a kan abin da suka ci bara. Ko littafin Michelin na Faransa, da ya fara bai wa gidajen abinci tauraro tun 1926, in babban kuku ya tashi sai masu bincikensa sun koma sun sake ci kafin su yanke hukunci. Ni na ci gaba da raba nawa tauraron daga nesa, ban ko ɗaga waya ba.

Ba ina cewa duk gidan da kukunsa ya tafi ya mutu ba. Akwai masu gidan da ke ajiye mataimaki kusa da tukunya shekara da shekaru, suna biyansa abin da zai zauna, ranar da babba ya tashi ba a jin bambanci sosai. Wannan maigidan bai yi haka ba, ya zaci allon ƙofa ne ke kawo mutane. Sai dai ba ni da bakin zarginsa, tunda zaton nawa ke nan ni ma.

Yanzu in na ci abu ya yi mini daɗi, nakan nemi a nuna mini wanda ya dafa, in gaishe shi, in ji sunansa. In zan tura wani, nakan faɗa masa yaushe rabona da wurin, in ce ya duba ko direbobin haya da ma'aikatan gari na zaune suna ci, in bai ga kowa ba sai baƙi, ya ƙara gaba.

A kan hanyarmu ta dawowa daga dajin na sake tsayawa don in ba yarinyar haƙuri, aka ce an aike ta kasuwa. Na bar saƙo wajen maigida, wanda ban yi zaton ya isar ba. Inna kuwa an ce tana tuya a ƙofar gidanta, kuma kafin hantsi ƙullunta ya ƙare.