Babur Ɗin Kakana

Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban san nauyin wannan magana ba sai a hutun da ya wuce, ranar da na isa gidanmu a Rikoto, cikin garin Zuru, na tarar da ɗan gwangwan tsaye a zaure da sikelinsa, Kawu kuwa yana nuna masa babur ɗin marigayi kakana.

Shi dai wannan babur Yamaha ne, ƙirar AG100, irin wanda aka yi musamman don shiga gonaki da hawan duwatsu. Kaka malamin gona ne, ya kuwa karɓe shi bashi a wurin aiki tun Zuru na cikin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Tun da ya rasu babur ɗin ke jingine a zaure. Tsatsa ta ci tanki, tayoyi sun tsage, har kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai.

Na durƙusa na gai da Kawu, na ce, "Kawu, ashe har an kai ga sayar da shi?"

Ya ce, "To, ɗana, ƙarfe ne kawai. Ka kuwa san kuɗin taki bana?"

Gaskiya ya faɗa, ban da abin cewa. Na dai roƙe shi ya ba ni kwana uku.

Daren nan ban yi barci ba. Sai na tuna wani labari da abokin karatuna, mai son fina-finan Turawa, ya taɓa ba ni. A Amurka an yi wani shahararren ɗan wasan fim, Steve McQueen, wanda ya rasu a 1980. Mutum ne mai son tseren babur a daji, har ya shiga cikin masu wakiltar ƙasarsa a gasar kwana shida da aka yi a Jamus ta Gabas a 1964. Akwai wani babur nasa, Husqvarna 400 Cross, ƙirar ƙasar Suwidin, wanda ya hau a fim ɗin On Any Sunday na 1971. A shekarar 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da shi dala 230,500. Jama'a, tsohon babur fa!

Me aka saya da wannan maƙudan kuɗi? Ba ƙarfen ba ne, domin akwai ire-irensa da ba su kai kusa da wannan daraja ba. Sunan mai shi aka saya, da takardun da ke tabbatar da cewa lalle shi ya hau. Watau labari aka saya. Su can sun ajiye takarda, mu kuwa tamu takardar tana bakin tsofaffi.

Da gari ya waye na ɗauki littafi da biro na shiga unguwa, kamar yadda aka koya mana a darasin adabin baka. Wata tsohuwa ta ce a kan babur ɗin nan Kaka ya kai ta asibiti cikin dare, ana ruwa, naƙuda ta zo mata da gardama. Ɗan da ta haifa yanzu shi ma yana da 'ya'ya. Wani tsohon soja ya ce shi ne ke kai wa iyayensa wasiƙa a ƙauye. Wani manomi ya ce in aka ji ƙararsa a hanyar Dabai ko Senchi, an san iri da maganin feshi sun iso. Kafin kwana uku na cika shafi goma sha ɗaya.

Na karanta wa Kawu su duka. Ya yi shiru, can ya ce, "A kansa Baba ya koya mini tuƙi." Amma shiru ba ya sayen taki. Don haka na ɗauko kuɗin da nake tarawa in canza waya, na ba shi daidai abin da ɗan gwangwan ya taya. Da ƙyar ya karɓa.

Ban ce Kawu ya yi laifi ba, mai iyali ne, damina kuwa ba ta jira. Na kuma san ba wani attajirin da zai zo Rikoto neman babur ɗin malamin gona. Amma 'yan'uwana ɗalibai, muna rubuta kundi a kan al'adun da suka shuɗe, alhali kuwa sikeli na cinye tarihin gidajenmu kilo-kilo: keken ɗinkin inna, rediyon baba, garmar kaka. In kun je hutu ku leƙa zaure, ku tambayi tsofaffi tun suna da bakin ba da amsa.

Babur ɗin yana nan inda yake. Bai tashi ba tukuna, makaniki ya ce sai an samo kabureta. Na dai wanke shi, na kori kajin.