Zobban sigarin Kuba da albasar Dodoru

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Ni ba na shan taba, gidanmu ko warinta ba a so. Amma ina da zobban sigarin Kuba guda 37 da akwatuna 4 da babu komai ciki. Har abokan ɗakina sun laƙaba mini Alhaji Habana.

2/ Yayana ke aiki a wani otal a Abuja. Manya in sun kunna sigari sai su yar da ɗan zoben takardar da ke naɗe jikinsa, wani sa'in har da akwatin. Shi ke tsinto mini in zai zo gida Sallah.

3/ Ga abin da masu tarawa ke hauka a kai. Tun 2005 kamfanin Habanos na Kuba ke fitar da Edición Regional: sigarin da ake yi wa ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya kaɗai, adadi ƙayyadadde. Ana ƙara masa zobe na biyu mai rubutun Exclusivo da sunan wurin.

4/ Ina da na Lebanon biyu, na Suwizalan ɗaya. In an sayar ya ƙare, to ya ƙare. Mai so sai ya bi wanda ya ɓoye nasa cikin akwati mai riƙe danshi wajen kashi 70. Shekaru na tafiya, farashi na hawa.

5/ Ku ji ƙarfin abin. A 1962, kafin Kennedy ya sa hannu kan takunkumin kasuwanci da Kuba, sai da ya tura kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa sigarin Kuba 1,200. Ya cika aljihu tukuna ya rufe wa kowa ƙofa.

6/ Mi ake saye da kuɗin nan haka? Ganye ne fa. Amma ganyen Vuelta Abajo ne, wani yanki a lardin Pinar del Río. Doka ta kare sunan, ba mai iya naɗa tabar da ba a Kuba aka noma ba ya kira ta Habano. Sunan ƙasar noma shi ne rabin kuɗin.

7/ Nan abin ke taɓa ni. Babana albasa yake nomawa a fadamarmu ta Dodoru. Buhunansa sukan tafi Aliero, a haɗa da na mutum ɗari, tirela ta ɗauka sai Legas. Matar da ta yanka ta a Mushin ba ta taɓa jin Dodoru ba, balle ta sake neman irin tamu.

8/ Sigari in ka ajiye shi daraja yake ƙarawa. Albasa in ta daɗe a rudu, wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro. Bana Baba bai ma jira ba. Lokacin da kowa ya cire, kasuwa ta cika, ya sayar saboda ana gab da rufe rajistar makaranta. Bayan 'yan watanni buhu ya ninka. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni kuwa ban manta ba.

9/ Kada wani ya ce ina yabon Kuba ido rufe. Manominsu mafi yawan ganyensa gwamnati yake sayar wa a farashin da ta yanka. A Satumban 2022 guguwar Ian ta rushe ɗakunan shanya taba a Pinar del Río. Kuma taba taba ce, tana kisa. Castro kansa ya daina sha a 1985. Suna kaɗai bai isa ba in manomi ba shi ke riƙe da shi ba.

10/ Mu ma mun ga ɗanɗanonsa. A Disamban 2016 Legas da Kebbi suka fito da Lake Rice, mutane suka yi layi a Legas don shinkafar da suka san inda ta fito. To albasa fa?

11/ Irin da Baba ke shukawa na Kaka ne. Kowace shekara yakan zaɓi manyan kawuna ya mayar ƙasa su yi fure, ya tara irin. Ya karɓi akwatina ɗaya yana zuba shi ciki, wai katakon na da kyau. Wallahi wanga iri ya fi duk zobbana wuyar samu. In ya ɓace, babu kamfanin da zai sake buga shi.

12/ Yanzu ƙanen Baba na ta maganar a sayar da rabin fadamar. Yayana kuma ya ce in na gama baɗi in biyo shi Abuja, zai nema mini gurbi. Na roƙi Baba ya jinkirta har in kammala, ya ce "Allah ya kai mu." Kun san wannan ba e ba ce.

13/ Aikin bincikena na ƙarshe kan haka zan yi: ko manoma goma za su iya haɗa kai, su tantance albasarsu, su sa sunan gari a buhu, su nemi mai saye ɗaya a Kudu da zai riƙa dawowa.

14/ 'Yan Gwandu, Aliero, Jega, Kalgo: in kun san ƙungiyar manoma da ta taɓa gwada wannan, ko ta ci ko ta faɗi, don Allah ku gaya mini a ƙasa. Wadda ta faɗi ma na fi son ji.