Jirgin sama ba motar kasuwa ba ne

Ƴan uwa maza da mata, mu mutanen karkara mun saba da motar kasuwa. In ciki ya cika, a ɗora bisa. In bisa ya cika, karen mota ya ja igiya, a ƙara buhu guda. Jirgin sama ba haka yake ba. Shi komi nashi da awo. Tun da kowace shekara akwai masu tashi daga garuruwanmu zuwa Makka, bari in gaya muku abin da na koya game da jakar hannu.

Kayan matafiyi kashi biyu ne. Akwai babban akwati. Shi karɓarshi ake yi, a sa shi cikin rumbun kaya na ƙarƙashin jirgi. Ba ka sake ganinshi sai an sauka. Galibi nauyinshi ba ya wuce kilo 23. Akwai kuma jakar hannu, wadda kake shiga jirgi da ita.

Kowane kamfani da nashi awon jakar hannu. Ethiopian Airlines ya yarda da kilo 7 ga mai ƙaramin tikiti. Turkish Airlines ya yarda da kilo 8. Girman jaka kuwa, dukansu biyu santimeta 55 ne a tsawo, 40 a faɗi, 23 a kauri. A awonmu na gida, tsawo kamu guda ne da ɗan ƙari, faɗi taƙi biyu, kauri taƙi guda. Kilo 7 bai cika tiya ukku ta hatsi ba. Kuma har da nauyin jakar kanta ake lissafi.

Wannan doka ba rowa ba ce. Jakar hannu bisa kan mutane ake aje ta, cikin wani ɗan akwati mai murfi. In ta yi girma, murfi ba ya rufuwa. In ta yi nauyi, jirgi ya girgiza cikin iska, ko wani ya buɗe murfi, tana iya faɗo ma tsoho a ka. Ba a yarda a aje kaya kan hanyar wucewa ba, don an ƙera jirgi yadda in hatsari ya taso, kowa zai fita cikin minti guda da rabi. Matuƙi kuma sai ya san nauyin jirginshi kafin ya tashi.

Shekarar da na je sauke farali, mun tashi daga Yamai tare da wata dattijuwa ta yankinmu. Da aka ɗora jakarta bisa ma'auni, sai ta kai kilo 13. Na ce mata: "Inna, mi kika zuba ciki haka?" Ta ce: "Ɗana, saƙon mutane ne." Muka buɗe. Ga kilishi, ga yaji, ga garin kuka, ga man shanu cikin kwalba. Duka na kai ma ƴan uwan maƙwabta ne da ke zaune Makka. Na tambaye ta maganinta na hawan jini. Ta ce yana cikin babban akwati, ga shi an riga an wuce da shi. Haka muka zauna ƙasa muna rage kaya, tana share hawaye. Saƙon bai je ba, ita kuma ta kwana hanya ba magani.

Ni kafin in taso, na ƙi karɓar saƙo. Kawuna ya yi fushi. Na ce mashi: "Kawu, ka yi haƙuri, kilo 7 aka ba ni." Da na komo, na kai mashi dabino da tazbaha, fushi ya wuce. Ƙin saƙo da kunya, amma kunyar gida ta fi ta filin jirgi sauƙi.

A ganina, jakar hannu ta abin da ba ka iya kwana babu shi ce. Sa fasfo da takardar rigakafi. Sa maganinka tare da takardar lokotoro. Sa harami da tufafin canji guda, don wani lokaci babban akwati yana makara kwana ɗaya ko biyu. Kuɗi da salula su zauna jikinka. Batirin cajin salula ma cikin jakar hannu ake sa shi, don yana iya kama wuta, kuma a rumbun kaya ba mai ganinshi.

Akwai abubuwan da ba su shiga jakar hannu. Wuƙa, aska da babban almakashi sai cikin babban akwati. Tun shekarar 2006 kuma aka taƙaita abin ruwa, kamar turare, mai da zuma. A yawancin filayen jirgi, kwalba ba ta wuce mililita 100, wato kamar ƙaramin kofin shayi. Wajen komowa, ba a yarda ka zuba zamzam cikin kayanka ba. Jarka ce ta lita 5 a rufe, hanyarta daban.

Ga babban gargaɗi. Kada ka karɓi ƙunshin da ba ka ga cikinshi ba, ko da mai shi ya haɗa ka da Allah. Abin da aka samu cikin jakarka, naka ne a wurin hukuma. A ƙasar Saudiyya, hukuncin shigar da miyagun ƙwayoyi yana kai har ga kisa.

Saboda haka, ɗan uwa, kafin ranar tafiya, tambayi jagoranku kilo nawa kamfanin jirginku ya yarda da shi. Ɗauki jakarka ka kai wurin mai ma'auni a kasuwa. In ta wuce, rage a gida, inda kayan ke da mai su. Wanda ya iya karatu ya karanta ma tsofaffi wannan shafi. Allah shi kai kowa lafiya, shi maido shi lafiya.